Thomas Bateman, likitan da ya raɗa wa ƙurjin nan suna

Da yawanmu mun taɓa ganin ƙurjin nan a fuska ko wuya ko hammatar ƙannenmu: ƙanana, masu santsi da sheƙi, kowanne da ɗan lotsawa a tsakiya kamar cibiya. A wannan mako allonmu ya ɗauko tarihin mutumin da ya fara bayyana shi a littafi, ya kuma raɗa masa suna.

An haifi Thomas Bateman a 1778 a Whitby, wani gari na bakin teku a arewacin Ingila. Ɗan likita ne, shi ma ya bi sahun mahaifinsa, ya kammala karatu a jami'ar Edinbara a 1801. Daga nan ya koma Landan, ya kama aiki a wani asibitin talakawa ƙarƙashin Dakta Robert Willan.

A wancan zamani sunayen cututtukan fata a hargitse suke, kowane likita da abin da yake kiran ƙurji guda. Willan ne ya dage sai an rarrabe su bisa kamanninsu: mai ruwa daban, mai mugunya daban, mai ɓawo daban. Ya rasu a 1812 bai gama ba. Bateman bai bar aikin malaminsa ya bi ruwa ba. A 1813 ya fitar da littafi a kan cututtukan fata, wanda aka fassara zuwa Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, har sarkin Rasha ya aiko masa da zobe mai tsada. A 1817 kuma ya kammala littafin zane-zane masu launi da Willan ya fara.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya gano halin wannan ƙurji. Wata budurwa ta zo masa fuska da wuya duk ƙuraje, in an matsa sai wani farin abu kamar madara ya fito. Ya tsaya ya yi mata tambayoyi. Ashe akwai yaron da take reno mai irinsa a fuska, wasu yaran gidan ma sun kamu. Ba shi da na'urar da za ta nuna masa ƙwayar cutar, sai ido da kunne, amma ya fahimci ana ɗauka daga mutum zuwa mutum. Ya kira shi molluscum contagiosum da Latin, wato mai laushi mai yaɗuwa. Sai a farkon ƙarni na 20 aka tabbatar ƙwayar birus ce ke kawo shi.

Ƙwayar dangin ta agana ce, amma kada wannan ya razana kowa, don ba ta da zafin agana ko kusa. Yawanci ƙurjin kan baje da kansa cikin wata 6 zuwa 12, wani lokaci ya fi haka. Yana bin taɓa fata da aron tawul ko soso, abin da 'yan kwana suka san ba ya wuya a ɗakin kwana. Sosawa da matsewa su ke kai shi sauran jiki. Wanda nasa ya kumbura ko ya fito kusa da ido, ya ga likita. Tsokanar mai shi kuwa ba ta da dalili, ba kuma ya hana zuwa aji.

Bateman bai yi tsawon rai ba. Aiki ya yi masa yawa, lafiya ta gaza, idonsa na dama ya daina gani. Aka yi masa magani da zaiba, kamar yadda likitocin lokacin suka saba, gubarta ta ƙara raunana shi. Ya bar Landan ya koma yankinsu, ya rasu a Whitby a watan Afrilu na 1821, saura 'yan makonni ya cika shekara 43.