Ernest Just: Baƙar Fatar da Ya Binciko Yadda Ƙwai Ke Fara Tsara Jiki

Ɗalibin sakandare a Salaga, Yendi ko Bawku ya san cewa ɗan Adam yana farawa ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya. To, ta yaya ƙwaya mai siffar ƙwallo take rarrabe gaba da baya, dama da hagu? Cikin waɗanda suka fara lalubo amsar akwai Ernest Everett Just.

An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1883 a Charleston ta Amurka, tashar da aka sauke ɗimbin bayi daga Afirka ta Yamma. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 4, mahaifiyarsa Mary, malamar makaranta, ta riƙe shi. Ya kammala Kwalejin Dartmouth a 1907, ya kama koyarwa a Jami'ar Howard, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1916.

Daga 1909 ya riƙa zuwa cibiyar binciken halittun teku ta Woods Hole. A 1912 ya nuna cewa a ƙwan wata tsutsar teku, wurin da ƙwayar maniyyi ta shiga shi ke tsayar da layin da ƙwan zai fara rabuwa biyu. Daga baya ya nuna cewa da zarar ƙwayar maniyyi ɗaya ta shiga, wani sauyi yakan bazu a fatar ƙwan ya tare sauran. Ke nan fatar ƙwaya ba jaka ba ce kawai, tana da hannu wajen tsara jiki. Masu binciken nakasar da ake haihuwar jarirai da ita, kamar rashin rufewar ƙashin baya, har yau suna nazarin yadda ƙwayoyi ke fuskantar alƙibla da manne wa juna.

Duk da lambar girmamawa ta Spingarn da ya fara karɓa a 1915, wariyar launin fata ta hana shi kujera a manyan jami'o'in Turawa. Ya nemi sarari a Italiya da Jamus, a 1938 ya koma Faransa, yana aiki a cibiyar Roscoff. A 1939 ya fitar da littafinsa The Biology of the Cell Surface.

Da Jamusawa suka mamaye Faransa a 1940, suka tsare shi na ɗan lokaci. Ya koma Amurka ba lafiya, ciwon daji ya yi ajalinsa a Washington ranar 27 ga Oktoba, 1941, yana da shekara 58. A 1996 Amurka ta buga hotonsa a kan sarkin wasiƙa.