John Sebright

Sir John Saunders Sebright (23 Mayu 1767 – 15 Afrilu 1846) ɗan siyasa ne kuma mai kiwo a Ingila. Ya wakilci Hertfordshire a majalisa tun 1807, amma kaji ne suka raya sunansa.

Ya daɗe yana haɗa barbarar ƙananan kaji har ya samar da irin da ake kira Sebright. Kowane gashi fari ne ko ruwan zinare, baƙin layi ya zagaye shi, ya ɗan yi kama da wake-waken ƙasar Hausa. Zakaran ma gashin mace gare shi. Sai dai ƙwansu bai cika ƙyanƙyashewa ba.

Charles Darwin ya yaba littafinsa na 1809 kan inganta irin dabbobi. Irin ya shiga ƙa'idar gasar kaji ta farko a Birtaniya a 1865.