Nikolai Vavilov

Nikolai Ivanovich Vavilov (25 ga Nuwamba, 1887 – 26 ga Janairu, 1943) masanin tsirrai ne ɗan ƙasar Rasha, wanda ya yi fice wajen tattara irin shuka daga hannun ƙananan manoma a sassan duniya da kuma adana shi.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Mosko, a gidan wani ɗan kasuwa. Ya karanci aikin gona a Mosko, sannan ya ƙaro ilimi a Ingila a wajen William Bateson.

Aikinsa

Yunwar da ke yawan afka wa Rasha ce ta sa ya duƙufa neman irin da ke jure fari, sanyi da cututtuka. Ya lura cewa manoman karkara, da ke ware iri daga amfanin gonarsu kowace kaka, sun riƙe nau'o'in da ba a samu a gonakin gwaji. Don haka ya bi su har gonakinsu da kasuwanninsu a Iran (1916), Afganistan (1924), Habasha (1927), Meziko da Kudancin Amurka.

A 1926 ya wallafa nazarinsa kan wuraren da amfanin gona ya samo asali. Ya sanya Habasha cikin waɗannan wurare, yana danganta ta da dawa, tef da kofi. Cibiyar da ya jagoranta a Leningrad ta tara samfurin iri fiye da 200,000.

Kamu da rasuwa

Ya samu saɓani da Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta kuma yake da goyon bayan Stalin. An kama Vavilov a watan Agusta 1940, aka yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov.

Bayan rasuwarsa

Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya (1941–1944), wasu ma'aikatan cibiyar sun mutu da yunwa suna gadin shinkafa, gyaɗa da sauran iri, ba su ci ba. An wanke sunansa a 1955, kuma cibiyar, wadda ke birnin da yanzu ake kira Saint Petersburg, tana ɗauke da sunansa har yau.