Burus Li: Ɗan Sin da Ya Auri Damben Turawa

Duk wanda ya shiga gidan siliman Legas ko Ibadan a shekarun 1970 ya san sunan Burus Li. Mu dai a lokacin tsalle da ihunsa muke kallo. Amma abin da ya fi ƙashin bayan tarihinsa shi ne yadda ya haɗa kokawar gidansu da damben Turawa.

An haife shi a San Faransisko ta Amurka ran 27 ga Nuwamba, 1940, ya tashi a Hong Kong. Yana saurayi ya shiga hannun malam Ip Man, ya koyi salon faɗan Sin da ake kira Wing Chun. Wannan salo na faɗan kusa-kusa ne: a tsare tsakiyar jiki, a manne da hannun abokin karawa, a jero masa naushi miƙaƙƙe. A 1958 kuma ya ci gasar damben makarantun Hong Kong. Ka ga tun nan ya ɗanɗani ɓangarorin biyu.

A 1959 ya koma Amurka, ya buɗe makaranta a Siyatil, yana koyar da kowa, baƙi da farare. A 1964 suka kara da wani gwani ɗan Sin, Wong Jack Man, a Okland. Faɗan ya ja fiye da yadda ya zata, ya fito yana haki. Nan ya gane salon gado kaɗai bai isa ba idan abokin gaba ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

To, sai ya duƙufa. Ya karanci littafin Jack Dempsey kan yadda ake ɗora nauyin jiki a bayan naushi, ya riƙa nazarin finafinan Muhammad Ali don koyon rawar ƙafa. Ya ɗauki gudu da tsallen igiya da gwaji na gaske da safar hannu. Daga Wing Chun ya riƙe tsare tsakiya da kama hannu. A 1967 ya sa wa haɗin suna Jeet Kune Do, wato tare naushi tun kafin ya iso. A damben gargajiyarmu hannun da aka ɗaure a baya yake, ɗayan na gaba garkuwa ne. Shi kuwa Burus hannunsa mai ƙarfi yake sawa gaba, don ya fi kusa da isa.

Ya rasu a Hong Kong ran 20 ga Yuli, 1973, sakamakon kumburin ƙwaƙwalwa, yana da shekara 32, kafin fitowar fim ɗinsa Enter the Dragon. A Siyatil aka binne shi. Masu faɗan gauraye na yau da dama suna ɗaukarsa cikin waɗanda suka share musu hanya.