Francis Bannerman: Yaron jari-bola da ya zama sarkin gwanjon kayan yaƙi

A Amurka akwai wata sana'a da Bahaushe zai kira cinikin biri a sama. Mutum ya kama hayar sito ya zuba kayansa, sai ya daina biyan haya ya ɓace. Bayan wa'adi ya cika, masu siton su yi gwanjon duk abin da ke ciki. Ana buɗe ƙofa, masu saye su leƙa na 'yan mintoci ba tare da sun taɓa komai ba, sannan a fara tayi. Wani ya tsinci dukiya, wani ya kwashi tsumma. Sana'ar ta shahara har aka yi mata shirin talabijin mai suna Storage Wars, wanda ya fara a 2010.

A nan gida ma abin ba baƙo ba ne. Hukumar Kwastam kan yi gwanjon motoci da kwantenonin da aka kama ko aka yi watsi da su a tashoshin jiragen ruwa, kuma tun 2017 ta fara yin sa ta intanet. Dilolin gwanjo a Ƙofar Wambai da ke Kano kan sayi dila a ɗaure, sai an kwance su san abin da suka samu. Yaron da ke zagaya Horo Birni da sauran garuruwan Boɗinga da Shagari yana sayen tsohon ƙarfe shi ma ɗan wannan gida ne.

Cikin waɗanda suka yi arziki da kayan da wasu suka yar, da wuya a samu wanda ya kai Francis Bannerman. Ya fara da tsintar tsohuwar igiya a bakin ruwa, ya ƙare da tsibiri guda cike da makamai.

Daga tsintar igiya

An haife shi ranar 24 ga Maris, 1851 a birnin Dundee na Sukotlan, a zamanin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ke kan gadon sarauta a Sakkwato. Yana ɗan shekara uku iyayensa suka yi hijira zuwa Amurka, a 1858 kuma suka zauna a Brooklyn, kusa da tashar sojojin ruwa. Mahaifinsa yana sayen tsofaffin kaya idan sojojin ruwa sun yi gwanjo, ya sayar ya ci 'yar riba.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, mahaifin ya tafi fagen daga, nauyin gida ya faɗo kan yaron. Sai ya riƙa shiga ƙaramin kwalekwale da ƙugiya, yana jawo guntayen igiya da sarƙa da ƙarafan da jirage suka zubar a ruwa. Tsohuwar igiya tana da kasuwa a lokacin, domin masana'antu na sarrafa ta su yi takarda. Abin da 'yan jari-bola ke yi a juji, shi yake yi a kan ruwa.

Yaƙin ya ƙare a 1865, lokacin yana ɗan shekara 14. Gwamnati ta wayi gari da tulin bindigogi da takubba da kaki da sirada da igwa waɗanda ba ta da sauran buƙatarsu, sai ta fara gwanjonsu da araha. Daga wannan shekara ake lissafin kafuwar kamfanin Bannerman.

Abin da ya gani wanda wasu ba su gani ba

Yawancin masu zuwa gwanjon 'yan gwangwan ne. Nauyin ƙarfe suke dubawa, su saya su kai a narke. Bannerman ma da haka ya fara, amma bai jima ba ya lura cewa tsohuwar bindiga idan aka goge ta aka gyara, kuɗinta ya ninka na ƙarfen da ke jikinta. Takobin da soja ya ajiye, akwai mai sha'awar rataye shi a bango. Kakin da ya tsufa, akwai 'yan wasan kwaikwayo da ke nemansa.

Daga nan sai ya daina narkarwa, ya koma adanawa. Ya saya da yawa lokacin da ba mai so, ya ware kowane kaya da jinsinsa, ya zauna jiran mai buƙata ko da za a yi shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani. Mafarauta da masu tara kayan tarihi da masu shirya fim da garuruwan da ke son kafa tsohuwar igwa a dandali, duk suka zama abokan cinikinsa. Haka nan wasu gwamnatocin ƙasashen waje da ba su da kuɗin sababbin makamai.

Ya kuma fito da littafin tallan kaya mai hotuna da ake aika wa mutane ta gidan waya, wanda ya riƙa ƙaruwa har ya kai shafi 300. Masu binciken tarihin makamai suna amfani da shi har yau. A 1897 ya buɗe kanti a titin Broadway na birnin New York, daga baya ya koma wani babban gini mai lamba 501 a kan titin, wanda ya zama kanti kuma gidan kallo.

Cinikin da ya fi ƙarfin sito

Babbar damarsa ta zo ne da yaƙin Amurka da Sifen na 1898, wanda aka gwabza a Kuba da Filifin. Bayan Sifen ta sha kashi, gwamnatin Amurka ta yi gwanjon makaman da ta ƙwace, Bannerman ya saye fiye da kashi 90 cikin 100. Cikin kayan da suka taru a hannunsa har da harsashi kusan miliyan 30.

Nan ne ribar ta zo da matsalarta. Ba a ajiye albarusai masu yawa haka a tsakiyar gari mai cunkoson jama'a, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa. Dole ya nemi wuri nesa da mutane.

A ƙarshen 1900 ya sayi wani ɗan tsibiri mai duwatsu da ake kira Pollepel a tsakiyar Kogin Hudson, kimanin kilomita 80 arewa da New York. A 1901, shekara biyu kafin Turawa su ci Sakkwato, ya fara gini. Shi da kansa yake zana fasalin ginin duk da bai karanci aikin ba, magina kuma su aiwatar gwargwadon fahimtarsu. Sito ne, amma ya yi masa siffar tsofaffin fadojin ƙasarsa ta haihuwa, da hasumiyoyi da ganuwa. Ya rubuta sunansa da manyan haruffa a jikin bango, yadda masu wucewa ta kogin za su karanta. A saman tsibirin ya gina ɗan ƙaramin gida inda yake hutawa da matarsa Helen, wadda ta ƙawata wurin da furanni.

Halin ɗan gwanjo bai bar shi ba ko a wajen gini. Da tsofaffin jiragen ruwa da ya nitsar ya yi shingen tare igiyar ruwa, da ragowar kayan yaƙi kuma ya yi wa bango ado.

Tambayar da ta bi shi

Hajar Bannerman ba atamfa ba ce. Bindigar da gwamnati ta ce ta tsufa tana iya kashe mutum bayan shekara 40, kuma a zamaninsa mutum na iya aika kuɗi ta gidan waya a kawo masa ita har gida. Mai sayarwa ya san wanda ya biya, amma bai san hannun da za ta faɗa a gaba ba. Wanda ke zaune a Arewa maso Yamma a yau, inda makaman da suka tsallako daga yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe ke hannun 'yan bindiga, ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan.

Sannu a hankali hukumomin Amurka suka yi dokokin da suka taƙaita sayar wa farar hula makaman soja, kasuwar ta fara ja da baya. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Bannerman ya ba da gudummawar kayan soja daga rumbunansa. Ya rasu a watan Nuwamban 1918 yana da shekara 67, makonni kaɗan bayan tsagaita wuta. Da rasuwarsa ginin tsibirin ya tsaya.

Siton da shi ma aka yasar

'Ya'yansa biyu, Francis da David, suka ci gaba da kasuwancin. A watan Agustan 1920 abin da ake gudu ya faru: ɗakin albarusai ya fashe, ya rushe wani sashe na ginin, garuruwan da ke gaɓar kogin suka ji ƙarar. Da kayan suna cikin birni, da labarin ya sha bamban.

A 1950 jirgin fiton da ke zuwa tsibirin ya nitse a cikin guguwa, zirga-zirga ta yanke, wurin ya zama kufai. Bayan an kwashe ragowar kayan, gwamnatin Jihar New York ta saye tsibirin a 1967. Ranar 8 ga Agusta, 1969 gobara ta cinye rufi da benaye, ta bar bango tsaye. A ƙarshen 2009 wani babban ɓangare na bangon ya sake zubewa.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sayen abin da wasu suka yi watsi da shi, nasa rumbun ma haka ya ƙare, kuma gwamnati ce ta saye shi.

Abin da ya ɗaga shi ba sa'a ba ce kawai. Ya san darajar kaya fiye da mai sayar masa, yana da wurin ajiya, yana kuma da haƙurin jira. Duk mai shirin zuba jarinsa a gwanjon Kwastam ko dilar da bai ga cikinta ba, waɗannan uku ne za su raba shi da asara, sai na huɗu da tsibirin ya koyar: ya san abin da yake kai wa sito kafin ya kulle ƙofa.

Yau wata ƙungiya mai suna Bannerman Castle Trust ce ke kula da abin da ya rage. Daga bazara zuwa kaka, jirage na kai masu yawon buɗe ido, su biya kuɗi su kalli kangon.