William Hartnell: Ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin Dokta

An haifi William Henry Hartnell ranar 8 ga Janairun 1908 a unguwar St Pancras da ke birnin Landan. Mahaifiyarsa, Lucy Hartnell, ba ta da aure lokacin da ta haife shi, kuma har ya bar duniya bai san mahaifinsa ba. A Ingila ta wancan zamani wannan tabo ne babba, shi ya sa ya yi ta ɓoye asalinsa bayan ya yi suna. Ya bar makaranta ba tare da wata sana'a ba, har ya fara faɗawa cikin ƙananan laifuffuka. Yana ɗan shekara 16 ya haɗu da Hugh Blaker, wani mai tara zane-zane, wanda ya ɗauke shi tamkar ɗa, ya kuma taimaka masa ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Italia Conti.

A 1925 ya samu aiki a ƙungiyar Frank Benson, wadda ta shahara da wasannin Shakespeare. Daga aikin ƙarfi a bayan dandali ya fara, kafin a riƙa ba shi ƙananan rawa a wasanni irin su Hamlet da Macbeth. A dandalin ne ya haɗu da 'yar wasa Heather McIntyre, suka yi aure a 1929, suka haifi 'ya ɗaya. Ya fara fitowa a fim a 1932.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga rundunar tankokin yaƙi, amma aka sallame shi bayan wata 18 saboda taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwa. Abin mamaki, mutumin da aikin soja ya gagara shi ne ya zama sojan fim. Rawar saje mai tsanani da ya taka a fim ɗin The Way Ahead na 1944 ta karɓe shi ƙwarai, har ta zame masa ƙaya. Kusan shekara 20 masu shirya fim ba sa ganinsa sai a matsayin soja ko ɗan sanda ko ɗan daba, kamar a Brighton Rock, da Carry On Sergeant na 1958, da shirin talabijin na The Army Game. Shi kuwa da wasan barkwanci ya saba tun a dandali, kuma wannan ƙunci ya dame shi.

Mafita ta zo a 1963. A fim ɗin This Sporting Life ya fito a matsayin wani dattijo abin tausayi mai nemo 'yan wasan ƙwallon zari-ruga. Verity Lambert, matashiyar da BBC ta ɗora wa nauyin wani sabon shirin almarar kimiyya, ta ga fim ɗin ta nemi ya karɓi babbar rawar. Ya yi ɗari-ɗari da farko, domin ana ɗaukar shirin na yara ne, daga baya ya amince.

An fara nuna Doctor Who ranar 23 ga Nuwamban 1963, kwana ɗaya bayan kisan Shugaba Kennedy na Amurka. Hartnell, mai shekara 55, ya sa gashin kanti fari ya zama Dokta, wani tsoho baƙo mai yawo cikin zamani da sararin samaniya a jirgin da ya yi kama da rumfar wayar 'yan sanda. Ya fara da faɗa da taurin kai, a hankali ya sassauta halin har ya zama kamar kaka ga yaran da ke kallo. Da dodannin Dalek suka bayyana a ƙarshen shekarar, masu kallo suka ƙaru da miliyoyi.

Aikin bai da sauƙi. Ana ɗaukar shiri kusan kowane mako, kuma da wuya a maimaita wuri idan an yi kuskure, domin gyaran faifai na da tsada. Cutar ƙanƙancewar jijiyoyin jini ta fara taɓa masa tunani, yana mance kalmominsa, ga shi waɗanda suka fara shirin tare da shi sun watse. Wasu abokan aikinsa sun same shi da zafin rai da wuyar sha'ani, wasu kuma sun ƙaunace shi matuƙa. A 1966 aka yanke shawarar ya sauka. Don kada shirin ya mutu, marubuta suka ƙirƙiro dabarar cewa Dokta na iya sauya jiki, Patrick Troughton ya gaje shi a watan Oktoba. Wannan dabara da ciwonsa ya haifar ita ta bai wa shirin damar rayuwa fiye da shekara 60.

Ya sake fitowa sau ɗaya, a labarin The Three Doctors na ƙarshen 1972, yana zaune yana karanta kalmominsa daga allo saboda rauni. Ya rasu ranar 23 ga Afrilun 1975 a yankin Kent, yana da shekara 67.

BBC ta goge da yawa daga faifan farko na shirin, har yau wasu daga cikin kashi 134 da ya yi ba a same su ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka sayi shirin a shekarun baya, kuma daga nan aka mayar wa BBC kwafin labaran The Time Meddler da The War Machines a tsakiyar shekarun 1980.