Alhaji Abubakar Imam: Marubucin Da Bai Ƙi Gyara Ba

A wannan mako na kawo muku tarihin mutumin da ya rubuta Magana Jari Ce.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911. Garin yana cikin Jihar Neja ta yanzu. Ya fara da karatun allo, daga baya ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927. Da ya gama a 1932 sai ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta littattafan labari da Hausa. Abubakar Imam ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga da Ganɗoki. Duka biyun suna cikin waɗanda aka zaɓa aka buga. Lokacin shekarunsa ashirin da biyu kacal.

Shugaban hukumar wani Bature ne mai suna Dokta Rupert East. Ya ga saurayin nan yana da basira, amma akwai sauran abin da zai koya. A 1936 sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. Abubakar Imam ya zo Zariya ya yi kamar wata shida suna aiki tare. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa. Shi kuma ya karanta, ya rubuta nasa da Hausa, ya kai wa East su duba tare. Cikin abubuwan da East ya koya masa har da cewa kada ya bar mugu ko macuci ya ci nasara a ƙarshen labari.

Ku duba fa, Abubakar Imam malami ne, an riga an buga littafinsa, kuma ya fi East jin Hausa nesa ba kusa ba. Da wani ne, da sai ya yi fushi ya koma Katsina. Shi bai yi haka ba. Ya saurara, ya ɗauki abin da zai amfane shi. A wannan zama ne ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, wanda har yau ake karantawa a makarantu.

A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta na Hausa na farko. Wanda ake yi wa gyara jiya, shi ne ya koma yana gyara rubutun wasu. Ko da ya tsufa bai ɓoye ba, ya faɗi abin da ya koya wurin East a tarihin rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

A kulob ɗinmu na 'yan jarida a nan Gumel, wasu sukan daina kawo rubutu da zarar malam ya sa musu jan biro. Wannan asara ce. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan aka dawo maka da takardarka, tambayi dalilin gyaran, ka sake rubutawa, ka kawo. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, amin.